Gindin Babban Allon Dallama

Da sunan Mai sama da ƙasa, wanda ya shimfiɗa hanyoyi, ya kuma rubuta wa kowace ƙafa inda za ta taka. Ya ku mutanen wannan zango, fatake da masu masauki, ku matso ku ara mini kunnuwanku. Sunana Tunau ɗan Nomau, mai haɗa tawada, mutumin ƙasar Dallama, wadda ke bayan tekun yashi, bayan duwatsu masu hayaƙi, tafiyar shekara biyu daga wannan inuwa da muke zaune. Na lura tun da na sauka wasunku ke tsarguwa da ni, don ina leƙen bayan kunnuwan mutane kamar wanzami. Ku yi haƙuri da ni, ba taɓin hankali ba ne. In kun ji labarina za ku gane.

Mu a Dallama ba mu da sarki, allo muke da shi. Kakanninmu ne da suka tsere wa wani yaƙi suka haɗu a gindin wani tsauni, gida-gida, suka sare aduwa guda, suka sassaƙa allo mai tsawon mutum. A samansa suka rubuta alkawarinsu: rijiya ta kowa ce, ba mai sayar da ɗan'uwansa, gonar maraya ba a taɓa ta. A ƙarƙashin alkawarin suka jera sunayen gidajensu, layi bayan layi, har gindin allon. Wanda sunan gidansa ke jikin Babban Allo shi ne ɗan ƙasa. Wanda babu nasa, baƙo ne, ko da a nan aka binne cibiyarsa.

Kowace shekara bayan girbi akan yi Ranar Kira. A fito da allon daga kubensa na fata, Makira, wato malamin da aikinsa ke nan, ya karanta alkawari, sannan ya kira gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowane gida ya amsa da baki ɗaya, “Ga mu.” Doka ce, ba a wanke allo sai kowane suna da ke jikinsa ya amsa. In an amsa, sai a tsayar da shi cikin wani kwarmin dutse cike da ruwa, a yi ta kwara masa, ya kwana uku a tsaye a ciki don kada ɗigon rubutu ɗaya ya salwanta. Ruwan nan kowa sai ya kurɓa, har jariri ana ɗiga masa a harshe. Daga nan Makira ya sake rubuta abin da ya karanta, a mayar da allo cikin kube, a rufe ɗaki sai wata shekara. Tawadar kuwa gidanmu ke yin ta, mu Zugawa. Zuge ne, wato gawayin aduwa, da ƙaro, da ɗan zuma, da kanumfari don ta yi daɗin sha. Ban taɓa ganin tawada mai kyanta ba, kuma na yi yawon duniya fiye da yadda nake so.

Abu ɗaya ne kowa ke tsoro. Allon yakan tsuke. A kai shekara arba'in lafiya lau, sai wata rana a zare shi daga kube a ga ya rage tsawo, sunan da ke can ƙasa babu shi. Abin da aka koya mana shi ne, gidan nan sun aikata wani laifi a ɓoye, allo ya ƙi ɗaukarsu. Akan ba su daga girbi zuwa ruwan farko su tattara su bar ƙasar. An ce gida tara ne da fari. Ni na tashi na tarar da bakwai, ina ɗan shekara goma suka koma shida, ranar da aka raka Kelawa masu jiragen ruwa. Na bi su har bakin ganuwa ina buga tsohuwar tasa ina waƙar tsiya tare da sauran yara. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa yanzu mu ne a layin ƙasa.

Ina da shekara arba'in da tara aka yi Ranar Kiran da ba na mantawa. Makira Cindo, tsoho mai gaskiya wanda ko ƙuda ba ya iya kashewa, ya zare kube, sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya karanta alkawari. Ya kira gida biyar, suka amsa. Mu Zugawa, mutum fiye da dubu, mun riga mun cika ƙirji da iska za mu ce “Ga mu,” sai ya sauke kai ya yi shiru. Bai kira sunanmu ba. Ina ji ina gani aka wanke tawadar da na yi wata biyu ina dakawa da hannuna, aka zaga da ita a ƙore, aka tsallake mu. Maƙwabcina da muke cin tuwo akushi ɗaya ya kurɓa ya kau da kai.

Mahaifiyata, Tabawa, ta makance shekara shida kafin nan. Da na riƙo hannunta muka koma gida, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “Tunau, me muka yi?”

Na ce, “Inna, ban sani ba.”

Ta ce, “To ni ba inda za ni. Ga kabarin ubanka can bayan gona, ni ma nan za a sa ni. In sun zo rakiya, ka ce su haƙa rami su tura ni, ya fi sauƙi.”

Na san halinta, ba faɗa kawai take yi ba. Dattawan gidanmu suka ce in tafi in nemo waɗanda aka kora kafin mu, in ji ko akwai inda za su raɓa mu. Wata biyar gare ni kafin ruwan farko. Na ɗaura wa jakina kaya, na rataya kurtun tawadar kakana a wuya, na fita ta ƙofar da na taɓa yi wa Kelawa waƙa.

Kwana ashirin na yi ina bin kogi zuwa yamma kafin na iso Tafkin Kunkuru. Ruwa ne da ba a hango ƙarshensa, tsibirai birjik a kansa, kowanne da bukkoki da shanyar kifi. Ina tsaye ina neman mai fito, sai na ga wani tsibiri ya ɗago kai ya dube ni. Na ja da baya. Ashe kunkuru ne, kowanne girman unguwa, a bayansu Kelawa suka gina gidajensu, don ba wanda ya yarda ya ba su ko taki ɗaya na ƙasa.

Suna ganin tsagar fuskata suka gane ni Badallame ne. Ba su tsaya jin gaisuwa ba, suka ɗaure ni tamau suka haye da ni kan kunkuru, suka ce za su kai ni tsakiyar tafki su gwada ko tawada tana iyo. Mai tuƙa kunkurun wata tsohuwa ce, Gwamma, tana zaune a wuyansa da wani baƙin katako mai tsawon kamu ɗaya da rabi, in ta ƙwanƙwasa dama ya yi dama, in ta ƙwanƙwasa hagu ya yi hagu. Ta juyo ta ƙare mini kallo.

Ta ce, “Kai ba ɗan Tabawa ba ne? Mai tsohuwar tasa?”

Na so tafkin ya haɗiye ni tun kafin su jefa ni. Na ce, “Ni ne, Iya.”

Ta ce, “Ina da cikin wata tara ranar nan. A gindin wata ƙaya na haihu, kwana biyu da barin gari, ɗan bai kai la'asar ba. Har yau in na ji ƙarar tasa sai in tuna fuskarka. Me ya kawo ka?”

Na ce, “Allo ya ƙi mu, Iya.”

Ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji, ta taso ta ɗaga katakon nan za ta sauke mini a ka. Yana wucewa ta gaban hancina na ji ƙamshi. Kaɗan ne ƙwarai, irin wanda sai hancin da ya tsufa a kan turmin tawada zai kama. Kanumfari ne.

Na ce, “Iya, ki doke ni, na cancanta. Amma don Allah ki bar ni in huci wannan itace sau ɗaya tukuna.”

Mamaki ya sa ta miƙo shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tawada mai ƙaro ko ta shekara nawa a kan baƙin itace, in ka huce ta ka karkata ta ga rana sai ta yi ƙyalli. Na huce, na ce ta karkata. Haruffa suka taso ɗaya bayan ɗaya, irin rubutun Babban Allo, wanda a duk Dallama daga Makira sai mu masu gwada tawada muka iya karantawa. An rubuta: Gidan Kelawa. Gefen katakon na ƙasa ya ruɓe ya yi laushi, gefen sama kuwa sumul, da sawun haƙoran zarto a jere.

Na ce, “Iya, ina kika samo wannan?”

Ta ce, “A cikin buhun gerona na tsince shi, a zangonmu na farko, an naɗe shi da farin ƙyalle. Ban san wanda ya sa ba.”

Na ce, “Wannan gindin Babban Allo ne. Ga sunanku a jiki. Allo bai ƙi ku ba, yanke ku aka yi.”

Kunkurun ya yi ta tafiya da mu ba mai tuƙi, don Gwamma ta zauna daɓas ta kasa motsi. Masu ɗaure ni suka kwance igiya ba wanda ya ce su kwance. Can ta miƙo mini katakon ta ce, “Sundawa na kudu, a dajin kuka, su aka kora kafin mu. Je ka gani ko su ma an ba su irinsa. Ni zan bi kogi a jirgi in jira ka a mashigin iyakar Dallama. In ka ɓatar mini da wannan, ko a lahira sai na nemo ka.”

Tsakanin tafki da dajin kuka akwai Filin Gara, tafiyar yini biyu, inda suri ya fi ganuwar birni tsayi, garar kuwa kowacce ta kai kyanwa. Ba sa taɓa mutum ko dabba, itace kawai suke so, kuma suna jin warinsa daga nesa. Ba wanda ke ratsa wurin da ko tsinken sakace. Ni kuwa ga ni da katakon da rayuwar gidanmu ta rataya a kansa. Na tsaya a bakin filin na sassaɓo ɓawon maɗaci, na dafa shi har ya yi kauri, na dama da sauran ƙarona. Na naɗe katakon a fata, na dulmuya fatar cikin ɗacin nan sau bakwai, na ɗaure a ƙirjina. Duk da haka suka biyo ni, rundunarsu tana ƙara kamar ruwan sama a kan busasshen kara. Na jefa musu sandata, suka tsaya suka cinye ina kallo. Na jefa akumarin jaki da ƙotar gatarina. Na jefa alƙalumana guda goma sha biyu, ɗaya-ɗaya, ina gudu ina ƙirgawa ina jin zafi. Ana hango kukoki suka cim mini, wata ta hau ƙirjina ta ɗanɗani fatar, ta faɗo tana murɗe-murɗe, amma sauran ba su fasa ba. Sai na tsinke kurtun kakana daga wuya, ɗan duman da aka yi shekara ɗari ana zuba tawadar allo a ciki, na wurga shi iya ƙarfina. Suka juya suka bi shi. Na fita daga filin ina kuka, ƙato da ni da furfura.

Sundawa a cikin kogon kukoki suke zaune, kuka ɗaya takan ɗauki gida goma. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne shirun wurin. Ga yara, ga mata na daka, amma ba waƙa, ba dariya, ba mai kiran wani da ƙarfi. Suka kai ni wurin babbansu, Jatau, dogo ramamme mai kusan shekara saba'in. Aka kawo mini tuwo da miya lami, ba gishiri ko ƙwaya.

Na ce, “Baba, ku ne Sundawa?”

Duk wanda ke wurin ya toshe kunne. Jatau ya ce, “Ba ma faɗin wannan suna, allo ya tofar da shi. Kakanninmu sun yi laifi, ba su gaya mana ko mene ne ba, suka mutu. Shi ya sa kowace shekara muke zama mu yi tunani, mu zaɓi abu ɗaya da muke zato shi ne, mu bar shi har abada. Shekarar da aka haife ni aka bar gishiri. Bayan nan aka bar waƙa, aka bar jan tufafi, aka bar zuma, aka bar wasa da jika. Abu tamanin da ɗaya muka bari zuwa bana. In muka dace da laifin, wataƙila a kira mu gida.”

Na taɓa ganin kunkuru mai ɗauke da unguwa, na ga gara mai girman kyanwa, amma ba abin da ya girgiza ni kamar wannan magana. Na ɗaga kai don kada ya ga idona, sai na hango wani abu rataye a saman kogon, a naɗe da farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa. Na ce, “Baba, ba ku yi laifin komai ba.”

Ban taɓa ganin fushi irin nasa ba. Ya miƙe ya ce, “Kana nufin uwata ta mutu ba ta taɓa yi mini waƙa ba a banza? Ku fitar da shi, ku mayar da shi Filin Gara, ku ɗaure shi a kan gungume.”

Suka kama ni. Na ce, “Na yarda. Amma ku sauko da abin can, ku ajiye shi kusa da wanda ke ƙirjina. In ban nuna muku komai ba, ni zan ɗauki gungumen da kaina.”

Suka sauko da shi. Na kwance na Gwamma, na ɗora shi a sama, nasu a ƙasa. Akwai wata jijiya a jikin itacen, ja-ja, mai lanƙwasa kamar rafi. Ta fito daga na Kelawa ta shige cikin nasu ba ko kaucewa. Na huce, na karkata ga hasken bakin kogo, na karanta musu sunansu, na nuna musu sawun zarto. Jatau ya shafa wurin da yatsa, shi ma ya san aikin itace. Ya daɗe yana shafawa, sannan ya zauna a ƙasa kamar yaro.

Ya ce, “Ɗan nan, kana da gishiri a jakarka?”

Na ba shi. Ya ɗora ƙwaya ɗaya a harshe, ya rufe ido, hawaye na bin gemunsa. Washegari ya ɗauki jaka ya ce zai bi ni. A hanya ne ya gaya mini cewa Hurmawa, waɗanda aka fara kora, sun yi gabas zuwa Farin Fili, kuma kakarsa ta ce ana gane su da ƙananan tsaga uku a bayan kunnen hagu.

Kwana talatin muka yi kafin mu kai. Farin Fili gishiri ne zalla, ƙasa fara fat har inda ido ya tsaya, Jatau yana tafe yana kallon ƙasa yana girgiza kai. Muka sami garin Hurmawa, an gina shi da tubalin gishiri, ɗakuna a tsaye, tukwane a kan murhu, rijiya a bushe ƙurmus. Muka yi sallama har muryarmu ta dushe. A bayan gari muka tarar da su, kaburbura a jere, sahu-sahu, na ƙirga har na gaji. Na farkon an yi su da kyau, na baya-baya kuwa ƙanana ne, an yi su da gaggawa. A kan na ƙarshe aka kafa baƙin katako. Ban ma huce shi ba na san abin da ke jiki.

Na tsuguna a gaban kabarin. Jatau ne ya dafa kafaɗata ya ce, “Tunau, wannan na ƙarshen, wani ne ya binne shi. Mamaci ba ya rufe kansa.” Muka duba ko'ina, ba mu ga ƙashin kowa a fili ba. Wanda ya yi binnewar ƙarshe ya tashi ya tafi, Allah kaɗai ya san ina. Muka yi musu addu'a, na roƙi gafarar mai kabarin, na zare katakon.

Mun iso mashigin Dallama hadari ya fara haɗuwa a gabas, saura kwana biyu a raka Zugawa. Gwamma na nan a jirginta tana jira, ta ce da na ƙara kwana ɗaya da ta shiga garin ita kaɗai. Ban wuce gida ba, na nufi unguwar masassaƙa da hantsi. Gida ɗaya ne a duk Dallama ke da izinin shiga ɗakin allo da damina don shafa masa mai, kuma mai gidan shi ne Barmo, abokin mahaifina. Na same shi yana fere ƙota da gizago. Na zube katako uku a gabansa.

Gizagon ya faɗi daga hannunsa. Ya dube su, ya dube ni, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da na huɗu a naɗe da sabon farin ƙyalle. Ya ce, “A buhun uwarka na yi niyyar sa shi.”

Na ce, “Baba Barmo, don me?”

Ya ce, “Ɗan Nomau, itace ne. Kwana uku a cikin ruwa duk shekara, sannan a cusa shi a fata da danshinsa. Gindin ne ke zama a ruwa, shi ke ruɓewa. In an bar ruɓar sai ta hau ta cinye allon duka, har alkawarin. Ubana ya nuna mini yadda ubansa ya nuna masa: in ta kai yatsa uku, ka yanke, ka goge, ka shafa man kaɗanya, ka yi shiru.”

Na ce, “Kun san sunan mutane kuke yankewa?”

Ya ce, “Ba mu iya karatu ba. Na farkonmu bai sani ba, gyara ya yi. Da ya ga abin da ya biyo baya, tsoro ya hana shi magana, don ya sa ƙarfe a jikin allo. Mu kuma muka gaji tsoron. Na yi shekara uku ina kallon ruɓar nan ina cewa bari baɗi. Kullum in na gamu da uwarka a hanya sai in canza lungu.”

Na ce, “Ba wanda ya taɓa cewa a ɗora allon a kan dutse, a bar ruwan ya gangara ƙasa?”

Ya dube ni kamar na yi magana da wani yare. Ya ce, “Haka aka tarar ana yi.”

Na zo da niyyar shaƙe shi, amma sai na fasa. Na ce, “Ɗauko ƙusoshin tagulla, Baba. Jibi za ka yi gyaran da ya fi wanda kuka saba.”

Ranar rakiya duk Dallama ta taru, an fito da allo ya zama shaida kamar yadda aka saba. Zugawa na tsaye da ƙunshin kayansu, Inna kuwa na zaune a ƙasa, ta ce ba mai ɗaga ta. Na ratsa taro, Gwamma a damana, Jatau a haguna, Barmo na biye da mu kamar wanda za a kai kabari. Na durƙusa gaban Makira Cindo na ce, “Allah ya gafarta Malam, na kawo wa allo sauran jikinsa.”

Aka yi ca a kaina, musamman waɗanda suka riga suka raba gonakinmu a zuci. Makira ya ɗaga hannu aka yi tsit. Barmo ya faɗi abin da ya faɗa mini, da ƙarfi, bai rage komai ba. Sannan ya kwantar da allon, ya jera guntayen a gindinsa, na Zugawa, na Kelawa, na Sundawa, na Hurmawa. Jan jijiyar nan ta taso tun daga ƙarƙashin alkawari ta gangaro ta ratsa su duka har ƙasa. Mutane suka yi ta turereniya suna leƙe, duk wanda ya gani sai ya ja da baya ya kama baki. Makira ya huce da kansa, ya karanta, ya fashe da kuka.

Ya ce, “Shekara talatin da tara da suka wuce, ni na riƙe wa malamina kube ranar da aka tsallake Kelawa. Na yi zaton hukuncin Allah nake gani.”

Gwamma ta ce, “Malam, kukan ya isa. Ka kira.”

Barmo ya buga ƙusoshi, aka tayar da allon, ya fi Makira tsawo. Ya karanta alkawari, ya kira gida biyar suka amsa a sanyaye. Ya ce, “Gidan Zugawa.” Mutum dubu suka amsa, amma ni muryar Inna kawai na ji, tana zaune a ƙasa tana faɗa tana maimaitawa. Ya ce, “Gidan Kelawa.” Gwamma ta gyara tsayuwa ta ce, “Ga mu,” ita kaɗai, ba ta kalli kowa ba. Ya ce, “Gidan Sundawa.” Jatau ya buɗe baki ya rufe har sau biyu, sannan ya ce, “Sundawa, ga mu,” karo na farko ke nan da sunan ya fito daga bakinsa.

Makira ya sunkuya ga layin ƙarshe ya ce, “Gidan Hurmawa.”

Ba wanda ya amsa. Ya sake kira, ya kuma sakewa. Muka tsaya a wurin tun hantsi har rana ta karkata, ba mai tari, ruwan farko ya sauko ya jiƙa mu ba wanda ya gusa, sai Barmo da ya tuɓe rigarsa ya rufe allon. Dokar kuwa ba ta canza ba, ba a wanke allo sai kowane suna ya amsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kelawa sun dawo, rabinsu, sauran sun ce sun saba da kunkuru. Sundawa sun dawo, yanzu ba a iya barcin rana a unguwarsu saboda waƙa. Inna ta rasu bayan shekara biyu, tana kwance kusa da mahaifina. Amma kowace Ranar Kira Makira yakan kai layin ƙarshe ya tsaya, a jira har la'asar, a mayar da allo cikin kube a bushe. Akwai yara a Dallama da suka isa kiwo ba a taɓa ɗiga musu ruwan allo a harshe ba. Ni kuma ban sake daka tawada ba, don ba abin da za a rubuta da ita. Na ɗauki jaka na fito neman wanda ya yi binnewar nan ta ƙarshe, ko ɗansa, ko jikansa, mutum ɗaya tak da zai tsaya a gaban allo ya faɗi kalma biyu.

Wannan shi ne labarina, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa nauyinsa ne ya hana ni faɗa. Na duba kunnuwan duk wanda ke zangon nan tun da rana tana tsaka, saura mutum ɗaya. Malam, kai da ke can gefe kusa da raƙuma, wanda tun da na ambaci Farin Fili ka daina cin abincinka, don girman Allah ɗan ɗaga rawaninka ta hagu in gani.